Ina ya fi dacewa mu kai kuɗin gidauniyarmu?

Tambaya: Ni ce ma'ajiyar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta makarantarmu a Kano. Mun buɗe gidauniya a tsakaninmu, kowa yana ba da abin da ya sawwaƙa duk wata, kuma yanzu mun tara kusan naira miliyan huɗu. Wasu sun ce mu raba abinci da azumi, wasu sun ce mu haƙa rijiyar burtsatse, wasu kuma sun ce mu miƙa wa wata ƙungiyar agaji. Waɗanne ƙananan ƙungiyoyi ko ayyukan alheri ne suka cancanci tallafinmu, kuma ta yaya za mu gane na gaskiya?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, ya sa wannan aiki a mizaninku. Shawarata ta ginu ne a kan abu ɗaya da na gani a aikin tallafa wa marasa lafiya da kwamitocin zakka: kuɗin da jama'a suka tara da gumi, komai yawansu a idon masu tarawa, kaɗan ne idan aka gwada su da girman buƙata, saboda haka ku kai su wurin da za su iya kammala aiki daga farko har ƙarshe, kuma wurin da ɗaya daga cikinku zai iya takawa ya gani da idonsa. Miliyan huɗu ba za ta gina asibiti ba, amma za ta iya fitar da mutane da dama daga asibiti da ƙafafunsu.

Kafin a zo ga inda za a kai kuɗin, ku tantance abin da ke hannunku. Idan akwai wanda ya zuba zakkarsa a cikin asusun, to a ware ta daban, domin zakka tana da rukunin mutane takwas da Alƙur'ani ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a haƙa rijiya ko a gina masallaci da ita ba. Sadaka ta ganin dama ce take da faɗi, ita ce za a iya kaiwa ga kowane aikin alheri. Ku tambayi masu bayarwa tun farko, ku rubuta, don kada nauyin wani ya rataya a wuyanki.

Wuri na farko da nake nuna wa kowace ƙungiya irin taku shi ne sashen kula da walwalar marasa lafiya na manyan asibitocin gwamnati. A Kano akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma a Asibitin Murtala. Ma'aikatan wannan sashe su ne suka san wanda aka rubuta wa tiyata ya kasa biya, da matar da aka sallama bayan haihuwa amma babu kuɗin da za a biya ta tafi gida, da yaron da ke jiran ledar jini, da tsohon da 'yan uwansa suka kawo shi suka zame. Amfanin bin ta hannunsu shi ne sun riga sun yi binciken da ku ba za ku iya yi ba, sun san mabuƙaci na gaskiya, kuma kuɗin yana tafiya kai tsaye zuwa asusun asibiti a ba ku rasit mai lambar katin majiyyaci. Kada ku damƙa tsabar kuɗi a hannun kowa, ko ma'aikaci ko ɗan jinya. Ku biya a wurin biya, ku karɓi takarda.

A cikin asibitin ma akwai zaɓi, kuma a nan ne zuciya take wahala. Tiyatar haihuwa ga matar da naƙuda ta yi wa tsawo, da aikin ƙaba, da cire yanar ido, da ƙarin jini ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, duk ayyuka ne da ake yi sau ɗaya mutum ya tashi. Wankin ƙoda kuwa ana yin sa sau biyu ko uku a kowane mako, ba ya ƙarewa sai an yi dashe, kuma majiyyaci ɗaya zai iya cinye asusunku gaba ɗaya cikin 'yan watanni sannan ya koma inda yake. Ban ce ku juya wa mai ciwon ƙoda baya ba, domin yana cikin mafi tsananin buƙata, amma irin wannan nauyi na gwamnati ne da manyan attajirai, kuma idan za ku taimaka masa, ku yi masa gidauniya ta musamman da sunansa, kada ku taɓa asusun da aka tara don jama'a da yawa.

Aikin ido ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da tsofaffinmu, alhali tiyatarta ba ta ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma a Kano akwai asibitin ido na ECWA da asibitin ido na Makka, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Idan tsoho ya dawo da ganinsa, ba shi kaɗai ya amfana ba, har da yaron da aka cire daga makaranta don ya riƙa yi masa ja-gora.

Na biyu, idan ƙungiyarku ta mata ce ko tana da mata da yawa, ku dubi masu lalurar yoyon fitsari. Mafi yawanta doguwar naƙuda ce ke haddasa ta, idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, galibi kuma jaririn ba ya zuwa da rai, sai matar ta haɗa rashin ɗa da ciwo da ƙyamar mutane, wani lokaci har da saki. Arewa tana da cibiyoyin da suka ƙware a wannan aiki: asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara wannan tiyata tun a shekarun 1980 kuma ya horar da likitoci masu yawa, da cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Murtala a Kano, da cibiyar ƙasa ta Ningi a Jihar Bauchi, da cibiyar Evangel a Jos, sai kuma ta Danja kusa da Maraɗi a Nijar. A irin waɗannan wurare ita kanta tiyatar yawanci kyauta ce, abin da ke hana mata zuwa shi ne kuɗin mota daga ƙauye, da abincin da za su ci su da masu jinyarsu a makonnin da za su yi, da sabulu da zannuwa. Bayan an sallame su kuma suna buƙatar jarin da za su tsaya da ƙafafunsu, keken ɗinki ko injin markaɗe ko 'yan awaki. Wannan gurbi ne da manyan masu ba da tallafi suke yawan tsallakewa saboda ƙanƙantarsa, kuma daidai yake da ƙarfin ƙungiya irin taku. Ku je ku gana da shugabar ma'aikatan jinya ta wurin, ku tambaye ta abin da ya fi ƙaranci a wannan watan, ku sayo shi da kanku.

Haka lamarin yake ga cutar noma, wadda ke farawa da kumburin dasashi a bakin yaro mai fama da tamowa, ta ci kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, kuma ta kashe mafi yawan yaran da ba su samu magani ba. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki tare da shi tun 2014, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Idan aka gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, don haka kuɗin motar da zai kai uwa da ɗanta asibiti a kan lokaci yana iya zama abin da ya raba yaro da mutuwa.

Akwai wani aiki da ba kasafai mutanen birni suke tunawa da shi ba, wato maganin dafin maciji. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibitin da ya keɓanta da masu saran maciji, manoma da makiyaya suna zuwa daga Gombe da Taraba da Adamawa da Bauchi da Borno, kuma mafi yawansu kububuwa ce take saransu, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar da jini. Maganin da ya dace da macizan yankinmu, EchiTAb, daga Birtaniya da Kosta Rika ake kawo shi, yana da tsada ga talaka, kuma buƙatarsa tana ƙaruwa a lokacin shuka da lokacin girbi. Wanda aka yi wa allurar a kan lokaci yakan koma gonarsa cikin kwanaki kaɗan. Idan akwai 'yan ƙungiyarku da ke zaune a Gombe, za su iya zama idonku a can. Idan babu, ku bar wannan ga waɗanda suka fi kusa, domin sharaɗin gani da ido yana nan.

Game da sikila, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana kuma ƙiyasta cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita a ƙasar duk shekara. A kusan kowane babban gari akwai ƙaramar ƙungiya ta iyayen masu sikila ko ta su masu lalurar da kansu, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi suna cikin waɗanda na fi amincewa da su, saboda masu tafiyar da su suna cikin wahalar da kansu. Abin da suke nema a bayyane yake: magungunan yau da kullum, gidan sauro, da kuɗin jini idan ciwo ya tashi. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, don haka biya wa matasa marasa hali kuɗin gwajin tun kafin magana ta yi nisa shi ma aiki ne mai amfani.

Sai ilimi, wanda a ganina ya fi kowane fanni dacewa da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Ku koma makarantar da ta yaye ku, ku tambayi shugabarta ɗalibai nawa ne suka kai ajin ƙarshe amma ba su da kuɗin rajistar WAEC ko NECO ko JAMB, musamman marayu. Yarinyar da ta yi shekara shida a sakandare sannan ta rasa kuɗin jarrabawa ta yi asarar shekarun nan duka, kuma ku kun san malaman, kun san unguwannin da yaran suke fitowa, ba wanda zai yi muku rufa-rufa. Haka nan makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, inda ake koyar da kurame da makafi, tana amfana da kayan da mutane ba su cika kaiwa ba, kamar takardar rubutun makafi da allunansa.

Idan kuna neman misalin yadda ƙaramin aiki na gaskiya yake girma, ku dubi makarantar Future Prowess da Barista Zannah Mustapha ya kafa a Maiduguri a 2007 da marayu 36. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare ya zaunar da su a aji ɗaya, kuma a 2017 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ita yanzu duniya ta san ta. Abin da nake so ku nema shi ne irinta da ba a sani ba tukuna, wato Islamiyyar unguwa da ke koyar da marayu kyauta, ko malamar da ta tara yaran da suka daina zuwa makaranta a zauren gidanta. Reshen FOMWAN na jiharku, ƙungiyar mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, zai iya nuna muku irin waɗannan, domin matansu suna shiga gidajen da wasu ba sa shiga.

Akwai kuma mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali, irin na Kurmawa da Goron Dutse, ba don girman laifi ba sai don sun kasa biyan tarar da kotu ta yanka musu ko wani ɗan bashi. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni don sakin mutum 4,068, abin da bai kai naira dubu 150 a kan kowane mutum ba. Ku bi ta hannun lauya da jami'in walwala na gidan, a duba takardun shari'ar kowane mutum, a biya a asusun kotu, kuma a tanadi kuɗin motar da zai mayar da shi garinsu.

Yanzu ga biyu daga cikin shawarwarin da 'yan uwanki suka kawo. Ciyarwa da azumi lada ce babba, ba mai musun haka, sai dai a watan Ramadan ne gwamnatoci da attajirai da masallatai duk suke ciyarwa, alhali yunwa ta fi tsanani a ƙauyuka daga tsakiyar damina zuwa gab da kaka, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa suke cika. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu da farkon bazara. Idan abinci kuke son bayarwa, ku sayi gero da masara da wake da kaka lokacin da suke da araha, ku adana, ku raba a watan Yuli da Agusta ga gidajen zawarawa da marayu da mai unguwa da limami suka tantance.

Rijiyar burtsatse kuwa, kafin ku haƙa sabuwa ku zaga ku ƙirga waɗanda suka lalace a yankin da kuke nufi. Za ku tarar da famfunan tuƙa-tuƙa da yawa a tsaye saboda roba ta cinye ko sanda ta karye ko bututu ya fashe, kuma kuɗin haƙa sabuwa ɗaya zai gyara da dama daga cikinsu. Dalilin mutuwarsu kusan ɗaya ne a ko'ina: an haƙa, an yi bikin buɗewa, an tafi, ba a bar kowa da alhakin gyara ba. Duk rijiyar da za ku taɓa, sabuwa ko tsohuwa, ku tabbatar an kafa kwamitin masu amfani da ita, an amince da ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa, kuma akwai makanikin da aka sani a kusa.

Dangane da gane ƙungiya ta gaskiya, rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, mataki ne na farko, kuma ana iya duba sunan a shafin hukumar na intanet. Amma takarda kaɗai ba ta isa shaida ba, domin mai niyyar cuta ma yana iya yin rajista, kuma akwai mutanen kirki da suke aiki shekara da shekaru ba su da ita. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne asusun banki da sunan ƙungiya maimakon sunan mutum ɗaya, da masu sa hannu aƙalla biyu waɗanda ba miji da mata ba ne ko wa da ƙane, da kuma yadda suke karɓar tambaya. Ku ce su nuna muku abin da ya shigo bara da yadda aka kashe shi. Mai gaskiya zai ɗauko littafinsa ko da na hannu ne, marar gaskiya kuwa zai fara yi muku wa'azi a kan kyautata zato. Ku kai ziyara ba tare da sanarwa ba, ku yi magana da maƙwabta da mai unguwa, ku nemi ganin mutum biyu ko uku da suka amfana. Ku yi hattara da wanda kullum yake cikin gaggawa, da wanda yake yaɗa hotunan marasa lafiya tsirara ko yara suna kuka a Facebook da TikTok tare da lambar asusunsa. Kada kuma ku ɗauka cewa ƙungiyar da take biyan ma'aikacinta albashi ko take sayen man mota ta ci amana; aiki ba ya tafiya sai da waɗannan, abin nema shi ne a faɗe su a fili.

Idan kun ga ba ku da lokacin wannan bincike, akwai hukumomin da aka kafa don haka, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, da kwamitocin zakka na masarautun Jigawa. Ko a wurinsu, ku faɗi aikin da kuke so a yi da kuɗinku, ku nemi rahoto a rubuce.

Da ni ne a matsayinku, zan kai kusan rabin kuɗin ga marasa lafiya ta hanyar sashen walwala na asibiti ɗaya da cibiyar yoyon fitsari, in ware wani kaso don kuɗin jarrabawar marayun makarantarku, sannan in bar sauran a asusu saboda larurar da ba ta sallama, irin ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. Kada ku rarraba kuɗin a wurare goma don a faranta wa kowa rai a taro. Ku zaɓi biyu ko uku ku riƙe su shekara bayan shekara, domin ƙaramar ƙungiya ta fi amfana da abin da ta san zai zo mata duk wata a kan kyauta mai yawa da za ta zo sau ɗaya, kuma ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Idan asusun ya ƙara ƙarfi nan gaba, ku yi tunanin waƙafi, kamar shagon haya da kuɗinsa zai riƙa shiga aikin, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar.

Ke kuma a matsayinki na ma'aji, ki kare kanki da irin ma'aunin da za ki auna wasu da shi. Kada kuɗin jama'a su kwana a asusunki na kanki, ku buɗe na ƙungiya mai masu sa hannu uku, kuma duk ƙarshen wata ki tura takardar banki da hotunan rasit a zauren WhatsApp ɗinku ko ba wanda ya tambaya. A rahoton, ki rubuta irin aikin da aka yi da adadin kuɗin da ranar biya, amma ki sakaya sunayen waɗanda aka taimaka wa da fuskokinsu. Cikakken bayaninsu ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku da ƙungiya ta wakilta su duba.